Ɗan hakin da ka raina: lissafin asarar tururi a manyan masana'antu

A wannan mako za mu duba wata asara wadda ba ta da layi a littafin ma'aji, ba a kai ƙararta gaban alƙali, amma tana cin dukiya dare da rana, wato tururin da ke yoyo daga tiyo a manyan masana'antu. Ɗan kasuwar Tanut ko ma'aikacin gunduma a Belbeji yana iya cewa wannan magana ce ta injiniyoyi. To, mu yi haƙuri mu bi lissafin tare, daga baya kowa ya yanke wa kansa hukunci.

Da farko mu tuna inda Damargu take. A kudancin Tanut, cikin ƙaramar hukumar Olelewa, kusa da Bakin Birji, akwai matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe ran 28 ga Nuwamba 2011. An gina ta don ta tace gangar ɗanyen mai dubu 20 a kowace rana, man da ke zuwa daga Agadem ta cikin tiyo mai tsawon fiye da kilomita 460. Bisa yarjejeniyar da aka kafa ta a kai, kamfanin CNPC na ƙasar Sin ke da kashi 60 cikin 100, ƙasar Nijar kuma kashi 40. A arewa, idan an wuce Agadas, akwai tashar lantarki ta SONICHAR a Anu-Araren, kusa da Cirozerin, wadda tun 1981 take ƙona gawayin ƙasa, ta tafasa ruwa, tururin ya juya injunan da ke ba da wuta. Ashe hanyar da ayarin motocinmu ke bi daga Damagaram zuwa Agadas ta haɗa manyan gidajen tururi biyu na ƙasar nan, Tanut tana tsakiyarsu. Ƙasa tana da hannun jari a dukansu biyu, abin da ƙasa ke da shi kuwa na mai biyan lanho ne.

Ba mu zo nan don mu ɗora wa wani kamfani laifi ba. Duk masana'antar da ke aiki da tururi, a Turai take ko a Asiya ko a Afirka, tana fama da yoyo, kamar yadda duk mai rumbu ke fama da gara. Bambancin da ke tsakanin mai rumbu da mai rumbu shi ne, wani ya san tiya nawa gara ta ci masa a bana, wani sai ran da ya buɗe rumbu ya ga dusa.

Mene ne aikin tururi a irin waɗannan wurare? Ana zuba ruwan da aka tsarkake a cikin wata babbar tukunyar ƙarfe rufaffiya, wadda masu jin Faransanci ke kira shodiyar, a hura mata wuta da mai, ko iskar gas, ko gawayi. Tun da tukunyar rufe take, tururin ba ya samun wurin fita sai ta tiyo, don haka yana tafiya da ƙarfin matsi da zafi mai tsanani. Ana auna wannan matsi da ma'aunin da ake kira bar. Tururin da agogon tukunya ya nuna yana kan bar 10, zafinsa ya kai digiri 184, alhali ruwan tukunyar tuwo a digiri 100 yake tafasa. A matatar mai, da shi ake ɗumama tankuna da tiyo don kada mai nauyi ya daskare, da shi ake taimaka wa rarrabe nau'o'in mai a cikin hasumiyar tacewa, da shi ake juya wasu injuna. Tiyon da ke ɗauke da shi yana da ɗaruruwan mahaɗai da makunnai, kowace mahaɗa kuwa wuri ne da zafi da tsatsa da girgiza za su iya buɗe wa ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yanzu ga lissafin. Abu huɗu kaɗai ake bukata: faɗin hudar, ƙarfin matsin tururin, yawan awoyin da masana'anta ke aiki a shekara, da kuɗin da ake kashewa kafin a samu ton ɗaya na tururi.

Tun a ƙarni na 19 wani injiniya ɗan Birtaniya mai suna Napier ya fitar da ƙa'idar da har yau ake aiki da ita. Ana ɗaukar faɗin huda a milimita, a ninka shi da kansa. Sai a ɗauki abin da agogon matsi ya nuna, a ƙara masa 1, saboda agogon ba ya ƙirga nauyin iskar da ke kewaye da mu. A ninka waɗannan biyu, sannan a ninka abin da ya fito da 0,4. Amsar ita ce kilo nawa na tururi ke fita a awa ɗaya, idan hudar sumul take kamar an fafe ta da gangan. Da yake hudar tsatsa ba ta zuwa sumul, masu aikin sukan rage wannan adadi, su yi amfani da 0,25 a maimakon 0,4. Mu ma da 0,25 za mu yi aiki, don kada a ce mun zuzuta.

Mu ɗauki huda mai faɗin milimita 3, wadda ba ta fi ƙwayar dawa ba, a jikin tiyo mai bar 10. Uku sau uku, 9. Bar 10 a ƙara 1, 11. Tara sau goma sha ɗaya, 99. Kwatan 99 ya kusa 25. To, kilo 25 na tururi ke nan a kowace awa, kilo 600 a yini da kwana.

Shekara tana da awa 8760. Matata da tashar lantarki ba sa rufe ƙofa da magariba kamar kanti, amma ana tsayar da su don gyara, saboda haka mu ɗauki awa dubu 8. Kilo 25 sau dubu 8 ya ba mu kilo dubu 200, wato ton 200 na tururi a shekara, daga huda guda.

Saura farashi. Kafin ruwa mai sanyin rijiya ya zama tururi mai bar 10, kowane kilo yana shan zafin da masana ke auna wa kilojul 2650 ko kusa da haka. Tukunya kuma ba ta miƙa wa ruwa dukkan zafin wutarta, wajen kashi ɗaya cikin biyar yana bin bututun hayaƙi. Idan aka haɗa waɗannan da zafin da ke cikin litar gazuwal, sai a ga ton ɗaya na tururi yana cin kimanin lita 90. Ton 200 ke nan lita dubu 18. Huda biyu irin wannan sun ƙone lodin babbar motar dakon mai guda a shekara.

A watan Yuli na 2024 gwamnati ta sauke farashin litar gazuwal daga sefa 668 zuwa 618. Don sauƙin lissafi mu sa sefa 600, dala 120 a bakin ƴan kasuwa. Lita dubu 18 sau 600 ya kama sefa miliyan 10 da dubu 800. A kowace rana, sefa dubu 32 da ɗari 4. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan an kai shi jikka 42 a wata daga shekarar 2024. Idan muka raba, za mu ga cewa ƴar hudar nan ta cinye albashin shekara guda na ƙananan ma'aikata 21.

Wani abu da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, asarar ba ta bin faɗin huda sahu da sahu. Idan faɗin ya ninka biyu, asarar ninki huɗu take yi, tun da faɗin da kansa ake ninka shi. Huda mai milimita 6 tana fitar da kilo 100 a awa, fiye da sefa miliyan 43 a shekara. Tururi kuwa yana cin ƙarfen da yake ratsawa, hudar da aka bari a bana ba ita za a tarar baɗi ba.

Akwai masu ja da wannan lissafi, kuma maganarsu tana da gurbi. Na farko zai ce babbar masana'anta ba ta sayen gazuwal a gidan mai. Matata tana ƙona iskar gas da mai nauyi da ke fitowa daga aikinta, tashar Anu-Araren kuma gawayin da take haƙowa a gefenta. Gaskiya ne, kuma shi ya sa kowace masana'anta za ta sa nata farashin a gurbin sefa 600 ɗin nan. Sai dai arha daban, kyauta daban. Gawayi sai an haƙo shi da injuna masu shan mai da ma'aikata masu karɓar albashi, abin da matata ta ƙona a banza kuma da ya yi wani aikin ko ya shiga kasuwa. Manomin da ya ce hatsin da ɓera ya ci ba asara ba ne don shi ya noma abinsa, kowa ya san amsar da za a ba shi a kasuwar Bakin Birji.

Na biyu zai ce ba wanda ke iya sa ma'auni a bakin huda mai zafin digiri 184 ya auna faɗinta. Wannan ma haka ne. Masu aikin suna ƙiyasta faɗin ne daga tsawon farin hayaƙin da ke fita, ko da na'urar da ke sauraren ƙarar da kunnen mutum ba ya ji, ko da kamarar da ke ganin zafi. Ƙiyasi ne, ba awon sikeli ba. Amma a ce mun yi kuskure da rabi, ko a faɗin asarar ko a farashin wuta: sefa miliyan 5 da ɗoriya suna nan daram. Ɗan kasuwa ba ya ƙin ɗinke buhu don bai san ainihin tiya nawa za ta zube tsakanin Tanut da Agadas ba.

Yoyon da ido ke gani ma shi ne mai sauƙi. Akwai wanda ya fi shi ɓarna. A kan hanyarsa cikin tiyo, wani sashe na tururi yana hucewa ya koma ruwa, kuma dole a fitar da ruwan nan. Don haka ake kafa wasu ƙananan na'urori da ake kira tarkon tururi, masu buɗe wa ruwa hanya su tare tururi. Idan tarko ya lalace a buɗe, tururi yana bi ta cikinsa ya wuce cikin tiyon mayar da ruwa, ba hayaƙi a waje, ba alamar da mai wucewa zai gani. Ma'aikatar makamashi ta ƙasar Amurka ta bayyana cewa a wurin da aka yi shekara 3 zuwa 5 ba a duba tarkuna ba, ana iya samun kashi 15 zuwa 30 cikin 100 sun lalace, a wurin da ake duba su a kai a kai kuwa masu yoyo ba sa kai kashi 5. Mu ƙaddara wata masana'anta mai tarko 500, misali ne kawai, ba wata sananniya muke nufi ba. Kashi 15 tarko 75 ke nan. A ce sulusinsu kaɗai ke zubarwa daidai da hudarmu ta milimita 3: tarko 25, sefa miliyan 270 a shekara.

Bayan kuɗin wuta akwai na ruwa, kuma mutumin Damargu ba ya bukatar a yi masa wa'azi a kan darajar ruwa. Tururin da ya gama aikinsa cikin tiyo yakan koma ruwa mai zafi, mai tsabta, a mayar da shi tukunya. Wanda ya tsere ya tafi ke nan, sai an ɗebo sabo daga ƙarƙashin ƙasa, an cire masa gishiri da ƙasa da magunguna masu tsada, an ɗumama shi tun daga farko. Ton 200 na tururi lita dubu 200 ne na ruwa, bido mai lita 25 har dubu 8. Idan aka ba mutum lita 20 a rana, ruwan mutum 27 ne na shekara guda. A ƙasar da rijiya ke da zurfin da sai an ɗaura wa raƙumi ko sa guga, inda birnin Damagaram kansa ke jawo ruwan shansa daga nesa, daga Arunguza da Ganaram, wannan adadi ba abin wasa ba ne.

Akwai kuma ran ma'aikaci. Tururi mai tsananin matsi ba a ganinsa a daidai bakin huda, sai ya yi ɗan nisa ya huce yake zama fari. Mutum yana iya ratsa shi bai sani ba, ya ƙone ƙuna mai muni. Wannan ba ta shiga lissafin sefa, amma iyalin wanda abin ya faɗa wa sun san nauyinta.

To, idan lissafin bai fi ƙarfin ɗan makarantar kwaleji ba, me ya sa ake barin yoyo ya yi watanni? Dalilin yana cikin yadda ake rubuta littafin kuɗi. Kuɗin wuta layi ɗaya ne, babba, ana biyansa kowane wata ba tambaya, asarar yoyo tana kwance a cikinsa ba a rarrabe ta. Kuɗin gyara kuwa takarda ce daban, mai bukatar sa hannun wane da wane, kuma duk ran da aka ce a tsuke bakin aljihu ita ake fara yanka. Sai shugaba ya ga kamar ya yi tattali, alhali ya rufe ƙaramar ƙofa ya bar babba a buɗe.

Ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni, nan maganar ta iso teburinku. A ce gyaran hudarmu, da kayan da ladan aiki, zai ci sefa dubu 500. Tun da tana zubar da dubu 32 da ɗari 4 a rana, cikin kwana 16 gyaran ya biya kansa. Idan kuwa takardar sayen kayan ta kwana wata uku a cikin aljihun tebur tana jiran sa hannu, an yi asarar kusan sefa miliyan 3, ninki shida na kuɗin gyaran. Ba wanda ya saci ko dala, ba wanda za a tuhuma, amma kuɗin sun tafi. Da a saman kowace irin wannan takarda za a rubuta abin da jinkirin kwana ɗaya ke ci, da alƙalami ya fi haka sauri.

Gaskiya ne wasu gyare-gyaren ba sa yiwuwa sai an tsayar da aiki, kuma tsayar da matata don huda ɗaya ya fi hudar tsada. Wanda ya ga dogayen layukan motoci a gidajen mai cikin watan Maris na 2025 ya san abin da ƙarancin mai ke jawowa. Amma a nan ma lissafin ne ke raba gardama. Shi zai nuna wace huda za a ɗaure ta da maƙalar ƙarfe tana aiki, wace za a rufe makunnin sashenta a gyara yau, wace kuma za ta jira babban gyaran shekara, da kayanta a ajiye tun kafin ranar.

Abin da muke kira a yi bai wuce huɗu ba. Na ɗaya, kowace masana'anta mai tukunyar tururi, babba ko ƙarama, har da asibitoci da masu sarrafa madara da abinci, ta zagaya tiyonta da tarkunanta aƙalla sau ɗaya a shekara, masu tsananin matsi kuma fiye da haka. Na biyu, duk inda aka ga yoyo a rataya masa alama mai ɗauke da ranar da aka gan shi da abin da yake ci a rana, da sefa, don leburan da ke wucewa da darektan da ke zagaye su karanta abu ɗaya. Na uku, a sa ma'auni a kan ruwan da ake ƙara wa tukunya, domin idan ruwan ƙari yana hawa alhali aiki bai ƙaru ba, akwai inda tururi ke fita. Na huɗu, wakilan ƙasa da ke zaune a majalisun gudanarwa na kamfanonin da ƙasa ke da jari a ciki su riƙa tambaya a kowane zama: nawa ton ɗaya na tururi ya tsaya mana, yoyo nawa aka ƙirga, nawa aka gyara? Wakilin da ya yi waɗannan tambayoyi ya ci ladan kujerarsa.

Ƴan kasuwa, ku ma akwai rabonku a ciki. Sau da yawa abin da ke tsayar da gyara ɗan ƙaramin abu ne: faifan da ake sa wa tsakanin tiyo biyu, ko igiyar da ake cusa wa makunni, ko tarko guda, waɗanda sai an yi odarsu daga ƙetare su biyo jirgin ruwa da mota. Waɗanda suka ga karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994 suna tuna yadda kuɗin kayan waje ya ninka a dare ɗaya, injuna da yawa suka kwanta don rashin ɗan ƙarfen da bai cika tafin hannu ba. Ɗan kasuwar da ya san lambar kaya da ingancinsu, ya ajiye su a Damagaram, ya sami ciniki mai ɗorewa, ya kuma rage wa masana'anta kwanakin jira. Amma a kawo na gaske, don faifan jabu a kan bar 10 asara ce biyu. Haka nan samarinmu da ke fitowa daga makarantar EMIG ta Yamai da jami'ar Damagaram, auna yoyon tururi sana'a ce da ake biya a ƙasashe da yawa, kuma jarinta bai wuce ƴan na'urori da sanin lissafin da muka yi a sama ba.

Hausawa sun ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Shewar da tururi ke yi a jikin tiyo ita ma jawabi ce, kuma yanzu mai karatu ya san yadda ake fassara ta: faɗin huda sau kansa, sau matsi da ƙarin ɗaya, a ɗauki kwata, a ninka da awoyin shekara, a ninka da farashin ton. Duk wanda ke da ɗa ko ƙane a irin waɗannan ma'aikatu, ya miƙa masa wannan shafi, ya gwada da alƙalumman wurin aikinsa, ya kai wa shugabansa amsar a rubuce.

Allah ya ba mu ikon tattalin abin da ya hore mana. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.